Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Ghana da kwamitocin da ke tantance bincike a kan mutane

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninku, shugabanni, ya yi muku jagora a kan wannan amana da kuka ɗauka.

Ni tsohuwar nas ce, na ajiye aiki, ina zaune a Aboabo a nan Kumasi. Ina rubuto wannan takarda ne da yawun matan da muke zama da su a Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Akwatia Line, waɗanda idan ciwo ya shigo gida su ne masu jinya: su ne ke kwana a kan benci, su ne ke kirga ƙwayar magani, su ne kuma ake kira su dangwala yatsa idan masu bincike sun zo neman wanda za a gwada magani a kansa. Da yawa daga cikinsu ni ce ke raka su in yi musu tafinta. Maganar da muka zo da ita ta shafi gwajin magungunan kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, wato antibayotik, musamman yadda ake auna ko mara lafiya ya warke.

Ba mu zo da ƙiyayyar bincike ba, kada a yi mana wannan fahimtar. Mun san halin da ake ciki. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma a duk duniya babu yankin da abin ya fi ƙamari kamar Afirka ta Yamma, inda aka samu kusan mutum 27 a cikin kowane 100,000. Mu da ke ganin yadda ake sayen topaye, wato kafson antibayotik, guda biyu guda uku a kemis ana haɗiya da koko ba ma buƙatar a rantse mana. Sababbin magunguna dole ne, kuma ba a samun su sai an gwada. Mun kuma san darajar ofishinku: Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, ta ce ba a gwajin magani a kan mutane a ƙasar nan sai da izininku, kuma a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga ku zuwa mataki na uku na ƙwarewa, ƙasa ta biyu a Afirka bayan Tanzaniya. Saboda kuna da wannan ikon ne muka kawo muku kukanmu.

Kuka na farko shi ne ana rufe littafi da wuri.

Galibin tsare-tsaren gwajin antibayotik daga waje ake rubuto su, bisa ma'aunin da hukumomin Amurka da Turai suka gindaya. A ma'aunin Amurka, idan ciwon huhu ne da aka kamu da shi a gida, ana duba mara lafiya tsakanin kwana 3 zuwa 5 da fara magani a ga ko tari da majina da ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi sun ragu. Idan ciwon fata ne mai kumburi, ana auna faɗin wurin bayan awa 48 zuwa 72, in ya ragu da kashi 20 cikin 100 an ce magani ya yi aiki. Akwai dalilin hakan, kuma dalili ne mai kyau: bayanan da aka tara tun shekarun 1930, lokacin da aka fara amfani da magungunan sulfa, sun nuna cewa a kwanakin farko ne bambancin mai shan magani da wanda bai sha ba ya fi fitowa fili. Bayan wannan akwai wata ziyarar da ake tabbatar da warkewa, mako ɗaya ko biyu da gama magani, wani lokaci da bibiya ta ƙarshe wajen wata guda. Daga nan sai sallama.

To amma ɓarnar da wasu magungunan ke yi ba ta jiran ranar da aka sa a takarda. Duk wanda ya yi aikin nas ya san dangin streptomycin da gentamicin da amikacin suna taɓa ƙoda, suna taɓa kunne, kuma abin da suka ɗauke na ji ba ya dawowa. Wata maƙwabciyata mai sayar da koko da ƙosai, wadda duk layinmu muke kira Goggo, ta shiga wani gwaji a wani asibiti saboda ciwon da ya hau mata ƙoda daga mafitsara. Ni na raka ta. An yi mata allurai, zazzaɓi ya sauka, fitsari ya fita fes a ɗakin gwaje-gwaje, aka rubuta ta cikin waɗanda suka warke, kuma gaskiya ne, ƙwayar cutar ta mutu. Sai da aka daɗe da sallamar ta na lura da asuba ɗiyarta ce ke ɗauko tukunyar koko, ita tana biye tana dafa bango. Ta ce ƙasa ce ke juya mata idan ta ɗora kaya a ka, kunnenta na hagu kuma kamar an kunna injin niƙa a ciki. Mai saye ya ce na sidi biyar, ta zuba na biyu. Ban isa in ce maganin ne ba, tana da shekaru, tana da hawan jini. Abin da na sani shi ne babu wanda ya gwada jinta kafin allurar farko, babu wanda ya gwada bayan ta ƙarshe, saboda haka babu mai iya cewa komai, kuma a rahoton da za a kai muku Goggo tana cikin sahun nasara.

Kada a ce abin da muke nema ba ya yiwuwa a ƙasarmu. An riga an yi shi, a nan jihar Ashanti da maƙwabtanta. A gwajin maganin gyambon Buruli da aka yi tsakanin 2013 da 2017 a Agogo da Tepa da Nkawie da Dunkwa, da kuma Pobe a Jamhuriyar Benin, an ɗauki mutum 310, aka kwatanta rifampicin da allurar streptomycin da kuma rifampicin da ƙwayar clarithromycin, duka na mako 8. Ba a ranar gama magani aka yanke hukunci ba. An jira mako 52, shekara cur, a ga ko gyambon ya rufe kuma bai dawo ba. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna kashi 95 na masu allura da kashi 96 cikin 100 na masu ƙwaya sun warke, wato kusan kunnen doki. Abin da ya raba gardama shi ne sauran abubuwan da aka lura da su: wani sai ya je wurin mai allura kullum har kwana 56 da haɗarin rasa ji, wani kuwa ƙwaya kawai zai haɗiya. Kafin wannan ma, masu bincike sun koma bayan shekaru sun nemo mutanen da aka yi wa streptomycin a wani gwajin Buruli na baya a Ghana, suka gwada kunnuwansu, suka tarar da ragin ji a cikin manyan da suka daɗe a kan allurar. Da ba su koma ba, da ba a sani ba.

Kuka na biyu shi ne abin da ake tambayar mara lafiya, da yaren da ake tambayarsa.

Ita kanta hukumar magunguna ta Amurka tana cewa amfanin magani shi ne abin da ya canza a yadda mutum yake ji, ko yadda yake gudanar da al'amuransa, ko tsawon ransa. Amma a takardun da na gani a hannun mutanenmu, likita ne ke cike gurbin "ya warke" ko "bai warke ba", mara lafiya kuwa tambayarsa ba ta wuce yaya jiki. Ranku ya daɗe, Bahaushe yana kan gargara ma idan aka ce masa yaya jiki zai ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Tarbiyya ce, ba ƙarya ba ce. Mace kuma ba za ta buɗe baki gaban saurayin likita sa'an ɗanta ta ce har yanzu fitsari na mata zafi, ko maganin ya jawo mata ƙaiƙayi a gaba, ko zawo ya hana ta riƙe alwala. Za ta yi shiru, a rubuta babu ƙorafi, sai mun fito bakin titi muna jiran trotro ta faɗa min.

Inda aka yi ƙoƙarin kawo takardar tambayoyi, da Turanci take zuwa, in an yi sa'a da Twi. Sai a ce wa wanda ke kusa ya fassara. Yau ni ce, gobe jikan mara lafiya ɗan sakandare, jibi mai shara da ta iya Hausa. Kowa da yadda zai juya tambayar, kuma amsoshin duka a zuba su a kwamfuta ɗaya a ce ma'auni ɗaya ne. Wannan ba maganar ladabi kaɗai ba ce, kuskuren awo ne, irin wanda ba za ku yarda da shi ba a na'urar auna zafin jiki. Masana sun san hanyar: a fassara takarda, wani dabam ya mayar da ita yaren asali a ga ko ma'ana ta kauce, a gwada ta a kan masu yaren kafin a fara aiki da ita. Kuma Hausar Zango ake buƙata, wadda mutanenmu ke ji, domin a Zango ba Hausawa kaɗai ke magana da ita ba. Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Fulani da Kotokoli da Wangara da yawa da ita suke cin kasuwa, da ita suke gaya wa juna ciwo.

A nan ma misalin yana gida. Masu aikin Buruli a Ghana da Benin sun tsara takardar auna nakasar da gyambon ke bari, kuma tambayoyinta daga rayuwar mutane aka ɗauko su: kina iya ɗebo ruwa a famfo? Kina iya daka fufu? Kana iya riƙe adda, kana iya ɗora kaya a ka, kana iya tsuguno ka miƙe? Irin wannan tambayar ba a amsa ta da "da sauƙi". Ko an iya ko ba a iya ba. Me zai hana a yi makamanciyarta ga mai ciwon huhu ko taifot ko ciwon ƙoda? Yaushe ka koma shago? Sallah a tsaye kake yi ko a zaune? Yaron ya koma makaranta? Jaririn yana kama nono, yana firgita idan ƙofa ta buga?

Kuka na uku ya fi wuyar bayani, amma na ga shi ne tushe.

Yawancin gwaje-gwajen sababbin antibayotik ba a tsara su don a nuna sabon ya fi tsohon ba. An tsara su ne don a nuna bai gaza tsohon da yawa ba, kuma ratar da aka fi yarda da ita ita ce kashi 10 cikin 100. Kamar mai awo ne a kasuwa ya ce miki mudunsa ba lallai ya kai na maƙwabcinsa ba, amma gibin ba zai wuce ɗaya bisa goma ba. Akan karɓi wannan ciniki idan akwai wata riba a gefe: magani mai sauƙin sha, ko mai ƙarancin illa, ko wanda zai yi aiki ranar da tsohon ya daina. To idan ribar tana cikin illa da sauƙin rayuwa, ai su ya kamata a auna da kyau. Amma yadda aka saba, warkewa tana tebur ɗaya, illa tana wani tebur a can shafukan baya, kuma mai karatu ba zai taɓa sanin ko waɗanda suka warke su ne suka kurumce ba.

Akwai hanyar da ta haɗa su. A 2015 Scott Evans da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa tsarin da ake kira DOOR. Maimakon a raba mutane gida biyu, sai a jera kowane mara lafiya bisa abin da ya same shi gaba ɗaya. A sama akwai wanda ya rayu, ya warke, babu wata matsala. Ƙasa da shi wanda ya rayu amma abu ɗaya ya same shi, ko magani bai yi ba, ko cutar ta yaɗu, ko wata babbar illa ta bayyana. Ƙasa kuma mai biyu, mai uku, can ƙarshe wanda ya rasu. Daga nan sai a lissafa: idan aka ɗauki mutum ɗaya daga kowane ɓangare, masu sabon magani da masu tsohon, wanne ne ya fi yiwuwa ya ƙare da kyau? Ban ce tsarin ba shi da aibi ba. Wa zai yanke cewa rasa ji ya fi dawowar ciwo muni, ko akasin haka? Ga ladani ko mai sayarwa a kasuwar Kejetia amsar ɗaya ce, ga wani kuma dabam. Shi ya sa muke so idan za a jera matakan a zauna da mutanen da za a gwada maganin a kansu, kada a kwafo jerin da aka yi a wata ƙasa.

Bari in faɗi wani abu don adalci. Ba mu ce a yi watsi da ɗakin gwaje-gwaje ba. A ciwon sanyi da ake ɗauka ta jima'i, misali, mutum kan ji garau alhali ƙwayar na nan yana raba wa wasu, sai gwaji ne zai tona. A ciwon mafitsara kuma akan samu akasi: mace ta warke sarai, amma an ga bakteriya a fitsarinta wadda ba ta dame ta ba, a rubuta magani ya faɗi. Kowane ma'auni shi kaɗai yana ruɗi. A haɗa su muke nema.

Sai waɗanda suka ɓace. A kowane rahoto akwai layin da ke cewa mutum kaza ba su dawo bibiya ba. Mu mun san su. Mai talla ce da aka ba ranar kasuwa, ta auna kuɗin mota da cinikin yini ta zauna. 'Yar kayayo ce, wato mai dako a ka, da damina ta mayar da ita arewa. Magidanci ne da aka sa wa rana a tsakiyar azumi ko Juma'a da hantsi. Wani layin wayarsa ne ya canza. Wani kuwa ya rasu a gida, aka yi masa sutura kafin la'asar kamar yadda addini ya tanada, babu takardar asibiti, babu wanda ya sanar da masu bincike. Waɗanda suka fi shan wuya su ne suka fi ɓacewa, don haka duk lissafin da aka yi ba tare da su ba zai fito da magani fiye da yadda yake.

Na ƙarshe, ba a dawowa a gaya mana abin da aka samu. An ɗebi jini, an ɗebi fitsari, an ba da ɗan kuɗin mota, shi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce a bayyana sakamakon gwaji cikin wata 12 da kammala shi, kuma Yarjejeniyar Helsinki ta ƙa'idojin bincike a kan mutane, wadda aka sake yi wa gyara a 2024, ta ƙarfafa shigar da al'umma cikin bincike tun daga tsara shi har zuwa yaɗa sakamakonsa. Kun fi mu sanin abin da rashin yarda ke jawowa. A Zango babu wanda bai ji labarin Kano na 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200, 11 suka rasu a ɓangarorin biyu na gwajin, wato waɗanda aka ba Trovan da waɗanda aka ba maganin da ake kwatanta shi da shi, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko cutar ce ko maganin ya bar wasu da kurumta da shanyewar jiki, har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. A nan gida kuma mun ga yadda aka dakatar da gwajin rigakafin Ebola a Hohoe a 2015 bayan jama'a da majalisa sun tayar da murya. Duk sanda na shiga gida in yi bayanin wani bincike, wannan tarihin yana zaune a tsakar gidan kafin in yi sallama.

Ga abin da muke roƙo.

Duk wanda ya kawo muku tsarin gwajin antibayotik, ku tambaye shi yaushe zai rufe littafi, kuma me ya sa. Idan maganin ko wanda ake kwatanta shi da shi yana cikin masu taɓa kunne ko ƙoda, ya zama sharaɗi a gwada ji da aikin ƙoda kafin a fara, da bayan an gama, da kuma bayan wasu watanni. Ga jarirai, waɗanda ampicillin da gentamicin ne maganin farko da ake ba su idan cuta ta shiga jini, bibiyar ta kai lokacin da za a iya gane ko yaro yana ji, yana zama, yana girma yadda ya kamata. Wanda aka samu da illa kuma a kula da shi a kan kuɗin masu binciken, kada a tura shi da katin inshora ya shiga layi.

Kowane gwaji ya ƙunshi aƙalla ma'auni ɗaya da ya fito daga bakin mara lafiya ko mai jinyarsa, mai tambaya a kan aikin yau da kullum, wanda aka fassara aka tantance da Hausa da sauran harsunan wurin kafin a ɗauki mutum na farko. A naɗi tambayoyin da murya saboda waɗanda ba sa karatun boko, mace ta tambayi mace, kuma tafinta ya zama ma'aikaci mai horo da albashi.

Ku nemi a riƙa kawo muku, kusa da babban sakamako, jerin da ya haɗa warkewa da illa da mutuwa a kan kowane mutum, ko da a matsayin ƙarin bayani ne.

Kuɗin bibiya ya shiga kasafin tun farko: kuɗin mota da na yinin da aka rasa, a tura ta Momo, wato ta waya, ziyarar gida ga wanda bai zo ba, lambar ɗan'uwa ta biyu, da kaucewa ranakun da kowa ya san ba za a zo ba. Rahoto kuma ya faɗi abin da aka yi don nemo waɗanda suka ɓace, da abin da aka tarar.

Ga kwamitocin ɗa'a, na Hukumar Lafiya ta Ghana da na jami'o'i da asibitocin koyarwa, muna roƙon idan bincike zai shigo Zango a samu ɗan Zango a zaman da za a duba shi, kuma a haɗa da mace, domin sarakuna da limamai, Allah ya ƙara musu girma, ba su ne ke wanke mara lafiya ba. Kada kuma ku karɓi rahoton rufe bincike sai da shaidar cewa an koma unguwa an faɗa wa mutane sakamakon da yarensu, ko a harabar masallaci, ko a rediyo, ko a taron mata.

Kuna da ofishi a nan Kumasi. Idan kun sa rana za mu zo mu kawo bayanin da baki, tare da wasu daga cikin waɗanda aka yi gwaji a kansu, waɗanda suka yarda su yi magana. In kuma kun fi so ku zo ku gani, muna zama kowace Lahadi bayan la'asar, za mu tanadi tafinta.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya taimake ku a kan aikinku.

Wassalam,
'Yar'uwarku, tsohuwar nas,
a madadin mata masu jinya na zangunan Kumasi